Kantar Jarirai a Kantin Borga

A tsibirinmu kanti ɗaya ne, kuma shekara arba'in da ɗoriya Elinborg ce a bayan teburinsa. Ba mai kiranta da wannan dogon suna, Borga kowa ya sani. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, ba ta da yawan dariya, amma ba a taɓa jin ta kori wani ba.

Ita ce babba a ɗakinsu. Tana 'yar shekara tara aka haifi ƙaninta, ruwan nonon uwarsu ya ƙafe. A lokacin ba a san madarar gwangwani a nan ba. Madarar saniya ake surkawa da ruwa da ɗan sukari, a ɗura wa jariri da cokali. Cikin yaron ya ƙi karɓa. Borga ce ke riƙe shi tana jijjigawa, kuma a hannunta ya cika, yana da wata biyu.

Da ta auri Hanus masunci ta karɓi kantin daga hannun surukarta, abin da ta fara yi shi ne ta kwashe fitilu da ƙusoshi daga kantar da ke kusa da murhu, inda danshi ba ya kaiwa, ta jera madarar jarirai. A waɗancan shekarun gari cike yake. Duk zuwan jirgin ruwa sai an sauke mata kwali biyu, kafin mako ya zagayo sun ƙare. Daga baya aka fara kawo garin kunun jarirai, da 'yan kwalaben dankali da karas da aka niƙa. Tsofaffin mata suna ɗagawa suna taɓe baki.

"Wai yanzu dankalin ma sai an dama muku a Denmark?"

Allah bai ba ta haihuwa ba. Amma duk yaron da ya tashi a tsibirin nan, ta san ranar da ya fara cin abinci mai ƙarfi.

Sai kifi ya yi ƙasa, aiki ya mutu, matasa suka yi ta hawa jirgi zuwa Havn, babban birninmu, wasu har ƙetare. Kwali biyu ya koma ɗaya, ɗaya ya koma gwangwani huɗu. Aka rufe makaranta. Shekara goma sha ɗaya ba a ji kukan jariri ba. Duk da haka Borga ba ta daina sa gwangwani biyu a cikin odarta ba. Dillalin da ke aiko mata da kaya yakan tsokane ta a waya.

"Borga, ko dai akwai labari ne? Hanus bai gaya mana ba."

"Kai dai sa a kwali, ka bar surutu."

In kwanan madarar ya kusa ƙarewa, sai ta miƙa wa Hanus ya dama wa 'yan tumakin da iyayensu suka faɗa daga kan dutse. Yakan ce a duk ƙasar nan babu tumakin da suka kai nasa gata.

Ana nan sai Páll, ɗan maƙwabtansu, ya dawo da mata daga Filifin, sunanta Teresita. Ba ta iya harshenmu sosai ba, sanyi kuma ya hana ta sakewa. Kantin ya zama wurin zamanta. Borga ta koya mata saƙa da cin busasshen naman tunkiya, ita kuwa tana kiranta Nanay, yadda ake kiran uwa a garinsu. Da ta haifi Tóra, har tuta aka ɗaga a ƙofar coci.

Nonon Teresita bai wadata ba. Borga ta sauko da gwangwaninta da alfahari, ta kai har gida. Kwana uku yarinya tana amai, jikinta ya feso da ƙuraje. Likita a Havn ya ce jikinta ba ya karɓar duk abin da aka yi da madarar saniya, sai wata ta musamman da kantin magani kaɗai ke kawowa. Borga ta mayar da gwangwaninta kantar da ke kusa da murhu. Washegari ta kira kantin maganin, ta sa aka karanta mata sunan madarar harafi-harafi, ta rubuta a jikin bango.

Tóra tana wata huɗu guguwar hunturu ta taso. Páll yana can teku a jirgin kamun kifi. Kwana takwas jirgin ruwa bai iya matsowa ba, jirgi mai saukar ungulu ma ya kasa tashi. Da safiyar kwana na tara Teresita ta shigo kanti da gwangwani a hannu, ta buɗe ta nuna ƙasansa.

"Nanay, na yau ne kawai. In ƙara ruwa ya kai gobe?"

"Kada ki soma. Ki dama mata yadda aka ce. Zauna ki sha gahawa, bar mini sauran."

Ta ɗauki waya ta kira matuƙin jirgin ruwan da ke kawo mana kaya, Símun, wanda ya tashi a nan kafin iyayensa su ƙaura.

"Borga, ba zan iya raɓar gaɓa ba, igiyar ruwa za ta farfasa ni."

"Wa ya ce ka raɓa? Ka zuba gwangwanayen madarar yarinyar nan a duron roba, ka ɗaure baki, ka jefo. Ni na san gwangwani nawa ka sha a kantin nan kana cikin tsumma, ƙato da kai."

Sai ya ce da azahar iska takan ɗan lafa.

Da azahar duk mai iya tafiya ya gangara bakin ruwa, mu goma sha bakwai, ƙaraminmu ya haura hamsin. Jirgin ya tsaya nesa yana hawa yana sauka. Suka jefo igiya sau biyu tana faɗawa ruwa. A na uku Hanus ya cafke ta da ƙugiyar kifi, ruwa ya yi masa wanka har wuya. Aka ja, shuɗin duro yana nutsewa yana ɓullowa, har ya bugi dutse. Borga ce ta kwance murfin. Gwangwani shida, a naɗe cikin rigar sanyin Símun, ko ɗigon ruwa bai taɓa su ba.

Ba ta tsaya murna ba. Ta rungumi biyu ta hau tudu da sauri, numfashinta yana fita da ƙyar. A kicin ɗin Teresita ta tafasa ruwa, ta jira ya huce, ta dama madarar, ta ɗiga a bayan hannunta. Teresita ta miƙa mata yarinyar.

"Ke ki ba ta, Nanay."

Tóra ta kama bulumboti ta shanye tas, ta yi gyatsa, ta yi barci a ƙirjinta. Borga ta kusa awa guda ba ta motsa ba, don kada ta tashe ta.

Bayan shekara biyu gwiwoyinta suka gaza, ta miƙa wa Teresita makullin kanti. Yanzu jarirai uku ne a tsibirin, kowanne da irin tasa madarar, iyayen kuma ta waya suke odar abinsu ya zo da sunansu. Borga tana zaune kusa da taga tana saƙa, tana sa baki a abin da ba a tambaye ta ba. Kwanan baya wata mai ciki ta shigo sayen burodi, Borga ta dube ta sama da ƙasa.

"Wata nawa?"

"Shida."

"To, haihuwar hunturu ce. Teresita, kira Havn tun yau a aiko da madara."