Ƙorama Mai Dawo da Kaya

Mutanen unguwarmu ƙazamai ne. Na faɗa musu a gaban idonsu, don haka ba gulma nake yi ba. Da zarar hadari ya haɗo ta wajen dutsen Zuma, sai kowa ya fito da bokitin shara yana jira. Ruwa na sauka a juye a kwata, kwata ta kai wa ƙorama. Ledar fiyawata, robar lemo, tsumma, ba abin da ba a zubawa. Wai ruwa zai tafi da shi. Zuwa ina? Gidana ne na ƙarshe kafin kwalbati, katangata kuma ta ƙasa ce, ginin kakana. In kwalbatin nan ya toshe, ni ce zan rasa wurin kwana.

Ba haka na san ƙoramar nan ba. Ina yarinya a nan Iku, in ka tsaya a bakinta kana ganin yashin ƙasa da ƙananan kifaye suna wasa. Bado na fure a gefe, balbelu farare fat suna sauka da yamma. In an idar da sallar isha'i, Kaka Asabe, mahaifiyar babanmu, takan hura wuta a tsakar gida, ta tura doya cikin toka. Mu jikoki mu kewaye ta. Ba ta buɗe baki sai kowa ya naɗe ƙafa ya yi tsit, har mu riƙa jin kukan kwaɗi daga bayan katanga. Sai ta ɗaga yatsa ta ce, "Kun ji ta ko? To, labarinta ne yau."

Wai Ƙorama mace ce, baƙuwa, ta yi ta yawo tana neman masauki, gari bayan gari ana korarta. Da ta iso wani ƙauye a gindin dutse, suka ce ta zauna. Ta yi godiya, ta ce sharaɗinta ɗaya ne: duk abin da aka ba ta, za ta dawo wa mai shi da shi har gida. Wata tsohuwa ta watsa mata gero, ta kawo mata kifi. Wata yarinya ta yi mata waƙa, ita ce kwaɗi ke maimaitawa har yau. Ana nan sai jakin wani attajiri ya mutu. Ƙyuyar haƙa rami ta hana shi binnewa, ya ja mushen ya jefa a ruwa, ya ce mutanen can gaba su ji da shi. Ƙorama ta karɓa. Ta ɗauki jaki ta zagaya duniya da shi, da damina ta zo ta shiga ɗakin attajirin, ta kwantar masa da shi a kan gado, har da matashin kai.

Nan muke fashewa da dariya, har doyar ta ƙone ba mu sani ba. Kaka ba ta dariya. Takan gyara itace ta ce, "Ku yi ta yi. Can gaba dai gidan wani ne, in kuma ta zagayo, gidanku ne."

Na ɗauka labarin yara ne. Ban shiga aji ba sai da na aurar da 'yata ta fari, na je makarantar yaƙi da jahilci ina kunyar riƙe fensir. Wata rana malamarmu ta kawo ƙwallon taswirar duniya, ta bi da yatsa: ƙoramarmu ta faɗa babban rafi, shi ya faɗa Gurara, Gurara ta faɗa Kwara, Kwara ta shiga teku, rana ta ɗaga ruwan sama, hadari ya dawo mana da shi. Na karɓi ƙwallon na jujjuya. Kyakkyawan abu, shuɗi ya fi yawa, kuma ba shi da gefen da mutum zai leƙa ya zubar da shara. Duk inda ka jefa, a ciki yake.

A daminar bana abin ya zo. Da la'asar aka tsuge da ruwa, mutanena suka yi abin da suka saba. Kafin a jima kwalbati ya toshe, ƙorama ta cika ta juyo da baya. Na fito na tarar ruwa ya kai gindin katangata, ƙasa na narkewa tana zubowa kamar kunu. Na tsaya cikin ruwan ina kiran sunan kowa. Maman Joy, malamar firamare da ke haya a gidan da ke kallon nawa, ita ta fara fitowa da manjagara, zani a ɗaure, don ruwan ya riga ya shiga ɗakinta da ledoji a kansa. Ta leƙa bakin kwalbati ta nuna min abin da ya tokare. Tsohuwar katifa ce mai zanen fure. Kowa ya san ta, a ƙofar Sule direba ta yi ta shan rana tun bazara.

Sule na tsaye a ƙarƙashin rumfa da takalmin aikinsa a hannu, wai yanzu ya dawo daga Abuja. Na ce, "Sule, ɗan nan, ga jakinka ya dawo." Bai gane ba, ya ce, "Mama, ni ban taɓa kiwon jaki ba." Na ce ya shiga ya ciro, zan ba shi labarin daga baya. Ya dube ni, ya dubi katangar, ya ajiye takalmin. Ya shiga ruwa har ƙugu, maza biyu suka riƙe masa igiya, mu mata muna janye ledoji. Da katifar ta fito, kwalbatin ya yi wani irin gurnani, ruwa ya ruga. Ina kallo ya sauka daga jikin katangata a hankali, ya bar mata jiƙaƙƙen layi. Katangar ta tsaya. Sai a lokacin na zauna a kan turmi ina alhamdulillahi.

Bayan magariba muka hura wuta a zaurena muna shanya jiki, na ba su labarin Kaka Asabe daga farko. Sule ya yi dariya har da hawaye. Ana cikin haka Maman Joy ta ce mu saurara. Kwaɗi ne. Na manta rabon da in ji su. Ashe ƙoramar ba ta mutu ba, shaƙe ta muka yi. Shekara da shekaru ina fushi don gidana. A wannan zama na ga jikokina da 'ya'yan Maman Joy, da mutanen can gaba da ban san su ba, duk ruwa ɗaya za su sha.

Da gari ya waye na samo katako da ragowar fenti. Na durƙusa na rubuta da hannuna, haruffa manya, wasu a karkace: ABIN DA KA BA NI, ZAN KAWO MAKA HAR GIDA. Na kafa shi a bakin kwalbati, na ajiye tsohon duro na shara a gefensa. Sannan na ɗauko kujerata na zauna ina jiran mai bokiti na farko.