Ranar da Malam ya ce bai ji ba

A gidanmu na Ƙaura Namoda ko akuya ta daɗe a tsakar gida sai ta tsinci wani abu na nahawu. Ni kaɗai ne na shekara ashirin a ciki na fito fayau. Mahaifinmu, wanda duk muke kira Malam, ya koyar da Larabci har ya yi ritaya, kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin ya ce bai san wani abu ba. Daga Shinkafi da Zurmi ake kawo masa takardu, har kwalin maganin da alhazai suka sayo a Makka, ya gyara tabarau ya fassara. In ya ci karo da abin da ya gagare shi sai ya ce marubucin ne jahili. Ni kuwa kullum na karanta layi ɗaya gabansa sai ya dafe kai, ya ce yana jin ana yanka harshen da wuƙa marar kaifi. Abin yana yi mini ciwo, kuma na riƙe shi.

Da na gagara sai aka sallama ni ga boko, har karatu ya kai ni tsibirin Kubrus. Wani abokin karatuna ya ɗauke ni wani hutu zuwa ƙauyen kakarsa a arewacin tsibirin. Mutanen ƙauyen Kiristoci ne da ake kira Maruniyawa, kakanninsu sun ƙetaro teku daga wajen Sham tun zamanin da. Muka tarar da tsohuwar da gicciye a wuya tana zazzaga wa kajinta masifa. Ina saurare sai na ji kamar na san muryar abin. Larabci ne, amma wanda ya daɗe yana zaman haya cikin Girkanci har ya ɗauki halin masu gida. Abokina ya ce tsofaffi kaɗan suka rage masu yin sa, shi kansa zagi kawai yake ganewa. Na roƙe ta ta yi magana na ɗauka a waya. Ta yi murna ƙwarai, ta gyara kallabi ta zuba kamar famfo. Ita tana ganin ta samu mai son harshenta, ni kuwa Allah ya sani Malam nake haƙo.

Da na dawo gida na bari sai bayan la'asar, lokacin da majalisarsa ta cika a ƙofar zaure. Akwai ladanin unguwa, da wani mai sayar da hatsi da ke zuwa daga Kasuwar Daji, da wasu dattawa uku da aikinsu gyaɗa kai ga duk abin da Malam ya faɗa. Na durƙusa na ce wata Balarabiya ce ta ba ni saƙo, na kasa gane shi.

"Yaushe ka taɓa gane wani abu?" in ji Malam. "Kunna mu jiya."

Na kunna. Muryar tsohuwa ta fito, nan take ladan ya ɗaga tafin hannu yana amin, mai hatsi ya bi sahu. A wajenmu ai in dai Larabci ne addu'a ce, ko da farashin albasa ake faɗa. Malam ya karkata kunne. Maganar ta ƙare ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya cire tabarau ya goge, kamar da ido ake ji, ya ce in sake. Ni kuwa daɗi kamar ya kashe ni, ina sunkuyar da kai don kada a ga bakina.

Sai na jefa sauran. Na ce ai matar Kirista ce, da gicciyenta a wuya.

Ladan ya sauke hannu kamar ya taɓa garwashi. "Kai ɗan nema! Amin nawa ka sa ni yi? To maido mani abina."

Mai hatsi ya duba fuskar Malam ya ga an shiga uku, sai ya buɗe masa ƙofar gudu. "Malam, wanga ai ba Larabci na ba. Yaren kahirai na, yaro ya zo shi raina muna wayo." Dattawan uku suka fara gyaɗa kai tun kafin Malam ya yi magana. Kalma ɗaya ta rage ya faɗa, ya ce shirme ne, a yi mini dariya a tashi, sunansa na nan yadda yake. Na san haka zai yi, don abin da ya saba ke nan.

Malam ya dubi wayar a kan tabarma. "Larabci na," ya ce. "Na ji gida, na ji ruwa, na ji gurasa. Saura ban jiya ba."

Dattawan suka tsaya da kai a karkace, ba su san inda za su gyaɗa shi ba. Malam ya juyo gare ni, a gaban kowa.

"Mi tac ce?"

Tunda aka haife ni wannan ce tambayar farko da ya yi mini wadda ba jarrabawa ba ce. Na ce ni ma ban sani ba, kakar abokina ce. Ya ce jikan nata fa? Na ce shi ma ba ya ji, sai zagi. Ya ce to wa take magana da shi a gidan? Na tuna, na ce kajinta.

Ladan ya ƙyalƙyale da dariya. Malam bai yi ba.

"Ashe ita ma Allah ya ba ta irinka," ya ce. Ba da faɗa ya faɗa ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Nan na gane shi ma ya daɗe yana zuba abin da ya sani ga wanda ba ya ɗauka. Nasarar da na ɗauko tun daga bakin teku ta tashi a banza, kunya ta rufe ni.

Washegari da hantsi ya aika a kira ni. Na same shi a zaure da sabon littafin rubutu, irin na 'yan firamare, ya riga ya ja layi a tsakiyar shafi. Ya sa ni kunna maganar guntu-guntu, yana rubuta abin da kunnensa ya kama da ajami a gefe ɗaya, ɗaya gefen ya bar shi fari. Muka yi haka har azahar. Ya rufe littafin ya ce in nemi jikan, ya zaunar da kakar ya tambaye ta kalmomin ɗaya bayan ɗaya, tun tana da rai.

Na ce in ta tambayi mai tambaya fa, in ce wane ne? Na fara jero masa laƙabobinsa, shehi, ustazu, tsohon shugaban sashe.

Ya miƙo mini alƙalamin ya matsa gefe a kan buzunsa, inda ban taɓa zama ba.

"Ka ce ɗalibai biyu na, daga Ƙaura."