Wa Ya Jefi Alƙalin Wasa, Kawu?

Jiya Kawu Ɗanliti ya cika shekara huɗu da rasuwa, Allah Ya jiƙansa. Wan mahaifiyata ne, mai kula da lodi a wani sito na bakin tashar jiragen ruwa a unguwar Treichville, kuma shi ne shugaban kwamitin ladabtarwa na ƙungiyar ƙwallon unguwarmu a Adjamé. Na so in cika shafin nan da labarin tumbinsa, wanda kan riga shi shiga mota da minti biyar. Amma makon nan dariya ta ƙi zuwa.

Kawu yana da wata ɗabi'a mai ƙona wa masu gaggawa rai. Ko a gaban gari guda ka yi laifi, ba ya yanke hukunci sai ya zaunar da kai ya ce, "To, mu ji taka." Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, in ji shi. Ina ɗan shekara goma sha biyu na sace iskar ƙwallon abokan karawarmu. Da aka kawo ni gaban kwamiti sai ya ɗauki hularsa ya miƙe. "Ɗan ƙanwata ne, ba ni da baki a ciki." Ya fita ya tsaya a rana har aka gama. An hana ni wasa uku. A hanya ya saya mini aloko, soyayyar ayabar nan.

Asabar ɗin da ta wuce, muna wasa da 'yan Treichville, wani ya jefi alƙalin wasa da ledar ruwa a ƙeya. Kafin magariba kwamitin yanzu ya turo saƙo ta waya: an kori Idi, golanmu, har abada. Ba wanda ya kira shi. Yana tura wa mahaifiyarsa baron doya a kasuwar Gouro ya karanta. Wata mai zuwa ne Idi zai je gwaji a wata makarantar ƙwallo, kuma ba sa karɓar wanda ƙungiyarsa ta kora.

Ranar ina benci, kamar kullum. Bencin nan ya fi uwata sanina. Na ga hannun da ya yi jifan, kuma ba na Idi ba ne. Mai hannun yana da uba a kwamitin.

Kwana uku na yi ina mai da abin wasa, tunda faɗan ya fi ƙarfina. Koci ma ya ja ni gefe. "Kai Bala, bakin aku, wannan karon haɗiye harshenka in kana son rigarka."

Ina son rigata. Amma na yi ta tambayar kaina me Kawu zai ce da hukuncin da aka yanke da babban yatsa a kan waya, wanda ake zargin ma bai sauko daga kasuwa ba. Ban jin zai yi faɗa. Tambaya zai yi, a sanyaye, ko an ji ta bakin yaron, har sai kowa ya sunkuyar da kai.

Shekaranjiya na je wurin sakataren kwamitin, na ce ina da shaida, a kira zama. Ya ce za a zauna ranar Lahadi. Ban san ko zan fito daga ɗakin nan ina ɗan ƙungiya ba.

Kawu bai bar mana gida ba, bai bar mota ba. Abin da ya bari ya fi su wuyar ɗauka. Abokaina sun matsa mini in buga sunan mai jifan a nan kowa ya huta, alƙalamina ma ƙaiƙayi yake yi. Ba zan rubuta ba. Shi ma ba a ji tasa ba tukuna.