Dakta Safara'u da Gawayin Ɓawon Gyaɗa

Kafin bakwai na safe Dakta Safara'u ta sauka daga adaidaita, ta buɗe ɗakin gwajinta na jami'a, ta wanke kwalabenta da kanta, don ba ta yarda da wankin kowa ba. Sai ta ɗauko gawayin da ta dunƙula kamar ƙuli-ƙuli, ta tsoma a ruwan gishiri, ta jona masa waya. Da ta saki lantarki, gawayin ya riƙa kama muguwar iskar nan ta cikin hayaƙi, wadda ta ce ita ke ƙara wa duniya zafi, tana rikita mana damina. Shekara goma sha ɗaya tana wannan. Tana da mota, amma tana ajiye a gida, unguwar Takur, batirinta yana ɗakin gwaji saboda ɗauke wuta. Masu gadi shaida ne.

Ni ban taɓa zama a aji ba, wannan ma 'yata ke rubutawa ina faɗa. Amma ku tambaya daga Jahun har Ringim, wa ya kai ni iya ƙona gawayi? Na ga farin da ya ƙarar da shanu, na binne sa'o'ina, ga ni daram. Duk Jigawa tukunyata ta zaɓa: ɓawon gyaɗa, a liƙe baki da yumɓu, kwana biyu a rami.

"Baba, na kamfani ma bai kai naka kama iskar nan ba," ta ce da ni wata rana.

Na ce, "Au, sai yau kika sani? Sa sunana a takardar, Turawa su zo gaisuwa."

Ta yi dariya har da riƙe ciki.

Bana aka ce manyan baƙi za su zo duba gine-gine, a share ko'ina, a turara ofisoshi. Ita tana Kano ranar. Masu shara suka tarar da gawayinta jere a faranti yana shan iska, guda arba'in da biyu, kowanne ya shekara ana gwada shi, saura awo na ƙarshe. Suka ce kai, wannan gawayi da kyau yake, ba ya tartsatsi. Suka zuba a kaskon turare. Baƙi suka yaba ƙamshi, suka wuce, ko leƙa ɗakinta ba su yi ba.

Ba ta yi wa kowa faɗa ba. Ta ce ba wanda ya taɓa gaya wa matan nan abin da ake yi a ɗakin da suke sharewa.

Wata huɗu ya rage ta yi ritaya, gwajin kuwa shekara yake ci. Ɗalibanta duk sun watse neman abinci. Amma ranar Asabar sai ga ta a ƙofar gidana.

"Baba, a sake haɗa tukunya."

"'Yar nan, wa zai ƙarasa?"

"Ban sani ba, Baba."

Ni da ban yi kuka a shekarar fari ba, sai da na juya kai.

Ke ce mai shuka abin da ba za ki girba ba, Dakta. Ke ce kika durƙusa gaban tsoho mai baƙin hannu kika kira shi malami. Mun gode, Allah ya saka miki, tunda mu mun kasa.

Ku kuma masu digiri, in akwai mai zuciya irin tata a cikinku, ya taso yanzu. Ranar miƙa mukulli ta matso, har yau ba hannun da zai karɓa.