Ranar da Na'ima ta yi yaren Ngamo a ɗakin haihuwa

Na'ima ɗinmu, autar gidanmu a unguwar Bolewa, shekararta uku tana aikin nas a wani asibitin gwamnati a nan Potiskum. Mamarmu 'yar Gadaka ce, garin 'yan Ngamo, don haka Na'ima tana jin yaren Ngamo sarai. Amma a wajen aiki ko kalma ɗaya ba ta taɓa yi ba, don ta ga irin dariyar da ake wa 'yan ƙauye.

A ɗakin haihuwa akwai wata doka da ba wanda ya rubuta ta: matar da ba ta jin Hausa, sai ta zauna a benci har wani nata ya zo ya yi bayani.

Wata Laraba da hantsi aka kawo wata mata, Joda, daga ƙauyen bayan Gadaka, cikinta wata tara. Mijin ya tafi layin yankar kati. Ta dafe kai, tana ta maimaita magana ɗaya da Ngamo. Na'ima ta zo wucewa da tire sai ta ji: "Ba na gani sosai."

Na'ima ta san wannan alamar haɗari ce. Ta durƙusa ta amsa mata da yaren, kowa na kallo. Ta auna jininta, ya hau ƙwarai. Ga ƙafa a kumbure. Gado ɗaya ne ya rage, shi ma an ajiye wa matar wani darakta.

Ta kama Joda ta kwantar a kai.

"Ke Na'ima!" in ji Sista Rahama, shugabar ɗakin. "Gadon Hajiya ne fa. Kina son aikinki kuwa?"

"Sista, ki rubuta ni. Amma ki duba awon nan tukuna."

"Ashe 'yar ƙauye ce ba mu sani ba," wata nas ta faɗa ƙasa-ƙasa.

Sista ba ta ko kai hannu ga takardar awon ba, jikin Joda ya fara jijjiga. Na'ima ta juya ta gefe, tana mata magana a kunne. Sista da kanta ta ɗauko allura tana ihun a kira likita.

Kafin azahar an yi wa Joda aiki. Ta tashi lafiya, ita da 'yar da aka ciro.

Washegari Sista ta kira Na'ima ofis. Na'ima ta shiga. Sista ta miƙo mata farar takarda.

"Bi kowa ki rubuta yaren da yake ji, mu manna a ƙofa. Fara da ni. Sa yaren Karekare."