Gilasan da Inna Marka ta wanke

A Kabo yara suna kiransa Malam Maganaɗisu, shi kuma yana amsawa, don mutumin da rayuwa ta riga ta yi wa dariya ba ya damuwa da ta yara. Sunansa Hambali, ɗan limamin Durun, kuma ya taɓa zama abin faɗa a jami'a.

Aikinsa a can ba ya faɗuwa a zaure. Yakan shimfiɗa wani baƙin sinadari a kan 'yan gilasai masu faɗin farce, shimfiɗar da ta fi bawon albasa sirantaka nesa ba kusa ba. Idan aka sanyaya ta da ruwan naitirojin, ana sa ran lantarki zai bi ta cikinta ba tare da ko ɗigo ya salwanta ba. Shekaru ya yi yana ƙona gilasai kafin wasu 'yan kaɗan su fito yadda yake so. Saura gwaji kawai, ya zama Dakta.

Sai aka shiga tsuke bakin aljihu. Ruwan naitirojin ya ɗauke. Injin shimfiɗar ya ƙone, manya suka ce babu kuɗin waje na gyara, alhali motocinsu ba su taɓa rasa taya ba. Aka rufe makaranta da damina, ga rufin ɗakin bincike yana yoyo, ga shi ruwa ne babban abokin gabar sinadarin. Hambali ya jera gilasansa a kwalba, ya toshe, ya kai su inda ya fi amincewa a duniya, ɗakin mahaifiyarsa.

Inna Marka mace ce da ba ta kwana da ƙazanta. Kullum da la'asar sai ta goge ƙwan fitilarta da toka har ya yi ƙyalli. Ran nan Hambali ya dawo daga kasuwar Gwarzo ya tarar da gilasansa a shanye kan faifai, tas, kana hango saƙar faifan ta cikinsu.

"Duk sun yi baƙin hayaƙi," in ji ta tana murmushi. "Haka za ka kai wa manyanka su ce ba ka da uwa?"

Da ɓarawo ne da ya yi ihu. Sai ya durƙusa ya ce, "Sannu da aiki, Inna."

Injin bai sake tashi ba. Hambali ya koma koyar da kimiyya a sakandare, yana jan ƙusa da maganaɗisun tsohuwar rediyo. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, abokan karatunsa suka samu kujeru a kwamitoci, wasu tuni sun tsallake teku. Shi ko kallo ba a yi masa ba. Haushinsa bai taɓa sauka kan tsohuwar ba, yana kan waɗanda suka bar rufi yana yoyo, amma su ba su ma san yana yi ba.

A ciwonta na ajali ta kamo hannunsa.

"Gilasan nan da na wanke maka, sun yi amfani kuwa?"

"Sun yi, Inna."

"Alhamdu lillahi," ta ce. "Ko ba komai na sa hannu a karatunka."