Haƙoran Takalmin Noreen

Shekara ashirin da biyu ina washin takalman ƙanƙara a shagon filin ƙanƙarar garinmu, can kudancin lardin Saskatchewan, amma duk na 'yan wasan hoki ne. Ranar da aka fara kawo mini takalmin masu rawa a kan ƙanƙara, ranar na ɓata shi. Kuma na Noreen ne, 'yar ƙanwata.

Yarinyar nan tun tana shekara biyar take zamiya. Kullum sai ta yi awa biyu a fili kafin ta wuce makaranta, hanci ja wur, 'yan hoki suna mata tsiya: "Gimbiya, matsa mana!" Ko kallo ba su ishe ta ba. Sau biyu tana zuwa ta huɗu a gasar lardi, alhali mutum uku ake ɗauka zuwa gasar ƙasa. Ta huɗu fa! Da ta cika ashirin ta ce bana ne na ƙarshe, in ba ta shiga ba za ta rataye takalmi ta tafi karatun jinya.

Birnin Saskatoon take kai takalmanta washi. To saura kwana biyu gasar lardi, dusar ƙanƙara ta rufe hanya, sai ta kawo mini.

"Kawu Orest, ka taɓa yin irin wannan?"

"Ke, ƙarfe ai ƙarfe ne. Tun ba a haife ki ba nake wannan aiki."

Girman kai rawanin tsiya. Ƙarfen takalminsu yana da haƙora a gaba, da su suke cakar ƙanƙara su tashi sama. Na hoki ba shi da su. Ni da na ga suna cin dutsen washina, sai na shafe su sumul, har ina yaba aikina.

Ta karɓa, ta shafa gaban da yatsa, ta ɗago. "Kawu, ina haƙoran?"

Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Malamarta, Misis Friesen, ta wanke ni tas a gaban jama'a. Sabon ƙarfe sai an yi mako uku kafin ya iso, takalmin aro kuwa ba mai tsalle da shi sai mai neman karaya.

Noreen ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "Malama, cikin tsallena shida, nawa ne ba ruwansu da haƙori?"

"Biyu. Kuma su ne kika fi tsana."

"To a cire huɗun, a sa mini irin waɗanda ake tashi da gefen ƙarfe."

"Noreen, kina da hankali? Cikin kwana biyu?"

"Ai kwana biyun nake da su."

Ta tagar shagona na ga komai. Ta tashi, ta sauka, ƙafa ta zame don babu abin riƙe ta, tim! Ta miƙe ta sake. Na ƙirga faɗuwa arba'in da wani abu na daina, don zuciyata ba ta iya ɗauka. Na kai mata kofi, ta karɓa ba ta dube ni ba.

Da hanya ta buɗe ni na tuƙa ta ita da malamarta zuwa wurin gasar, tafiyar awa huɗu. A gasar ta faɗi a tsallen farko, na ce shi ke nan, na kashe yarinyar nan. Sai ta tashi ta sauke sauran biyar ɗaya bayan ɗaya, tana cije leɓe. Ta uku ta zo, da ƙyar da jiɓin goshi. Ni ƙato na zauna ina sharɓar kuka da hula a fuska.

A gasar ƙasa ta goma sha huɗu ta zo, daga nan ta dawo gida, yau ita ke koyar da yaran garin. Amma kafin ta tafi gasar, da sabon ƙarfen ya iso, sai ga ta a shagona ta ajiye takalman a kan tebur.

Na ce, "Rufa mini asiri, kai su Saskatoon."

Ta ce, "A'a, Kawu. Duk lardin nan ba wanda yake tsoron haƙoran nan kamar kai."

Aikin minti goma ne. Awa biyu na yi a kansa.